Daga Farauta Zuwa Ceto: Yadda Ake Koya wa Kare Bin Sawun Ɗan Adam

Idan mutum ya ɓata a ƙasar Katagum, kowa ya san matakan da za a bi. A fara da maƙwabta da dangi, a je gidan mai unguwa, a sa liman ya yi cigiya bayan sallah, a kai sanarwa gidan rediyo, yanzu kuma a watsa hoto a Facebook da WhatsApp. In a ƙauye ne, samari su bazu cikin gonaki da tocila suna ƙwala kira. In ana zaton ruwa ne ya ci shi, a kira masunta su yi ta nutso da lalube. In gini ne ya rufta, a zo da shebur da diga a yi ta tono inda zato ya fi ƙarfi. Duk waɗannan hanyoyi da ido da kunne suka dogara, su kuwa ido da kunne sukan gaza daidai inda aka fi buƙatarsu: cikin dare, cikin gero da dawar da suka fi mutum tsawo, ƙarƙashin katangar da ta zube.

Ba kuma buƙata ce ta nesa ba. A daminar 2022 ambaliya ta mamaye garuruwa da gonaki a ƙananan hukumomin Zaki da Gamawa. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, matafiya suka yi cirko-cirko. Kafin nan da 'yan makonni, ranar 12 ga Yuli, ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Ga kuma ɓatan yau da kullum da ba ya shiga jarida: almajiri sabon zuwa Azare da ya fita bara ya kasa gane hanyar komawa, tsohon da ruɗewa ta kama ya fice da asuba, yaron da ya bi awaki daji har rana ta faɗi.

A ƙasashe da dama, abin da ake fara kawowa wurin irin wannan nema shi ne kare. Da girgizar ƙasa ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, tawagogin agaji daga ƙasashen duniya da karnukansu suka sauka. Wani karen sojan Meziko mai suna Proteo a can ya mutu a bakin aiki. Sana'ar kuma tsohuwa ce: a tsaunukan da ke tsakanin Suwizalan da Italiya ana tunawa da wani kare, Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, aka ce ya ceci matafiya fiye da 40 daga ƙanƙara.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, ƙasar nan ba baƙuwar karen aiki ba ce. Duk wanda ya taɓa ganin ayarin mafarauta da rani, mota cike da maza da gorori da karnuka, ya san akwai mutanen da suka iya zaɓen kwikwiyo, suka iya karanta wutsiyarsa da kunnensa. Rabin ilmin yana hannu. Sauran rabin shi ne juya hancin kare daga zomo zuwa mutum, da koya masa ya faɗi gaskiyar abin da ya samu. Wannan rabin yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Me kare yake bi?

Duk inda mutum ya ratsa sai ya bar wani abu na jikinsa. Fata kullum tana sakin 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashi da ido ba ya gani. William Syrotuck, wanda littafinsa na 1972 kan wari da karnuka ya zama abin karatu ga masu wannan sana'a, ya ƙiyasta su kusan 40,000 a minti guda. A kan ɓarɓashin nan akwai gumi da maiƙo da ƙwayoyin bakteriya masu cin su, kuma cin da suke yi ne ke tayar da tururin da hanci ke kamawa. Ga numfashi ma yana ƙara nasa. Gado, da abinci, da lafiya, da sabulu, da sana'a duk suna shiga ciki, shi ya sa warin jikin wani ba ya zama na wani. A 2011 masu bincike a Jamhuriyar Cek sun nuna cewa karnukan 'yan sanda da suka ƙware suna iya bambanta warin tagwaye masu kama ɗaya, ko da gida ɗaya suke kwana, abinci ɗaya suke ci.

Hancin mutum yana da ƙwayoyin jin wari miliyan biyar zuwa shida. Na kare kuwa yana iya kaiwa miliyan 300, gwargwadon irinsa. Amma ba yawan kaɗai ba ne. Idan kare ya duƙufa yana shinshina, yakan ja iska kusan sau biyar a daƙiƙa. Wani kaso na iskar ba ya wucewa huhu, sai ya shiga wani lungu a ƙuryar hanci da aka keɓe don tantance wari. Iskar da zai fitar kuma ta tsagar gefen hancin take fita, saboda haka ba ta kore abin da ke gabansa, tana ma taso masa da sabo. Kowace kafar hanci tana ɗaukar nata daban, har ya gane ta wane ɓangare warin ya fi ƙarfi.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Mai bin sawun shanu yana gane inda aka nufa ne daga yadda kofato ya fuskanta. Kare ba ya duba siffar sawu. Yana auna wane taku ya fi wane sabunta, sai ya bi wajen da warin ke ƙara ƙarfi. Peter Hepper da Deborah Wells na Jami'ar Queen's da ke Belfast sun gwada haka, suka wallafa a 2005 cewa taku biyar a jere sun ishi horarren kare ya san ko gabas mutumin ya yi ko yamma.

Aikin iri-iri ne

Ba kare ɗaya ke yin komai ba, kuma tun farko mai horarwa yake yanke shawarar wane aiki zai ɗora masa.

Akwai mai bin sawu taku-taku, hancinsa a ƙasa. Shi yana haɗa warin mutum da na ƙasar da aka taka da na ciyawar da aka murƙushe. A gona ko fadama yana da kyau, a kan kwalta yakan sha wuya.

Akwai mai bin warin mutum guda. A ba shi hula ko takalmin wanda ake nema ya shinshina, a ɗaura masa doguwar igiya ta wajen mita goma, ya ja mai shi. Wannan ba dole ya taka inda mutumin ya taka ba. In iska ta kwashe ɓarɓashin ta tara shi a gindin katanga ko bakin kwata, can zai bi. Shi ne karen cikin gari, wanda ake so ya ratsa kasuwa ya yi biris da ɗaruruwan mutane don mutum ɗaya. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne wani mai dogayen kunnuwa da sakakkiyar fata da Turawa ke kira buladhawun.

Akwai mai shaƙar iska, wanda ake saki ba igiya, kansa a sama. Shi ba ruwansa da sawu, duk ɗan Adam da ke cikin filin da aka ba shi yake nema. Warin mutumin da ke kwance a wuri guda yana bin iska ne kamar hayaƙin tukubar mai tsire: siriri mai kauri a kusa, yana faɗaɗa yana sirancewa in ya yi nisa. Mai kare sai ya fara daga ɓangaren da iska ke nufa, ya riƙa ratsa ta a karkace. Da zarar karen ya faɗa cikin warin, za a ga ya ɗaga kai ya juya, yana kai-komo tsakanin gefe da gefe, zangon na raguwa, har ya isa tushe.

Karen ɓaraguzai shi ma mai shaƙar iska ne, sai dai warin da yake nema ta tsagogin bulo da kankare yake fitowa. Sai kuma mai neman gawa, wanda har a kwalekwale ake ɗora shi. Jikin da ya nitse yana sakin iska da maiƙo da ke tasowa saman ruwa, karen da ke gaban jirgi ya nuna wurin, masu nutso su taƙaita lalubensu. Ana son a raba mai neman rayayye da mai neman gawa, domin a ginin da ya rushe kwana ukun farko su ne na ceton rai, kuma kowace sa'a da aka ɓatar ana tono wanda ya riga ya cika, an ɗebe ta ne daga ta mai sauran numfashi.

Daga kwikwiyo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cibiyar horar da karnukan aiki ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka, wadda aka buɗe a 2012, tana karɓar 'yan kwikwiyo tun suna da wajen mako takwas. Abin da ake dubawa a wurin zaɓe ba kyan jiki ba ne. A jefa ƙwallo ko ƙullin tsumma cikin doguwar ciyawa a gani: wanda ya leƙa ya dawo ba shi ba ne, wanda ya nace yana nema har ya samo, shi ake so. A buga kwano a bayansa, a ɗora shi kan kwanon rufi mai motsi. Firgita ba laifi ba ce, rashin dawowa hayyaci da wuri shi ne laifi. Sharaɗi na ƙarshe shi ne son mutane. Karen da ke cizo ba ya wannan aiki ko da hancinsa ya fi na kowa, domin wanda zai tarar yaro ne a tsorace ko tsoho a galabaice. A nan hanyarsa ta rabu da ta karen gadi, da ta karen da aka saba cuna wa dabba.

Kada kuma a ɗauka tausayi ne ke sa shi aiki. A wurinsa abin duk wasa ne: in na samo mutumin da ya ɓuya, za a ba ni abin wasana, a yi ja-in-ja da ni, a yabe ni. Dukan horon a kan wannan ciniki aka gina shi. Shi ya sa bulala ba ta da gurbi. Karen da ake duka yakan koma kallon fuskar mai shi don ya gane abin da ake so, ya bar abin da hancinsa ke gaya masa, kuma babu asarar da ta kai wannan.

Darasin farko mai sauƙi ne. Mai kare ya riƙe shi, wani mataimaki ya kaɗa masa abin wasan har ya ɗokanta, sannan ya ruga taku ashirin ko talatin ya laɓe bayan bishiya karen na kallo. A sake shi da kalma ɗaya da ba za a taɓa canzawa ba, misali “Nemo!” Yana isa, wasa ya ɓarke. A kwanakin farko ba a bari ya faɗi ko sau ɗaya. Daga nan a riƙa ƙara wuya kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a lokaci guda. A juyar da kansa kada ya ga inda aka ɓuya, dole ya koma ga hanci. A tsawaita tafiyar, a sa mata kwana. A bar sawun ya yi minti biyar kafin a saki karen, sannan rabin sa'a, sannan sa'o'i, har a kai ga sawun da ya kwana. A tashi daga ciyawa a koma rairayi, daga rairayi a koma kwalta, daga nan a shiga tasha. A sa wasu mutane su gitta sawun. A riƙa canza mai ɓuya: yau saurayi, gobe dattijo, jibi yaro, wani a kwance, wani a kan reshe, wani an lulluɓe shi da tabarma ya yi tsit. In kullum mutum ɗaya ke ɓuya, karen zai koyi neman wannan mutumin ne kawai.

Samowa ba ta da amfani in ba a sanar ba, don haka ana koya masa yadda zai faɗa. Karen ɓaraguzai haushi ake so ya yi, ya tsaya a wurin ba ya gusawa. Ana sa mataimaki cikin ganga mai murfi, riƙe da abin wasan. Karen ya zo ya yi tono, ya yi kuka, ba a buɗe ba. Ranar da haushi ya kuɓuce masa, nan take murfi ya buɗe. A hankali a riƙa jinkirta buɗewar har ya iya jera haushi na daƙiƙa 30 ba tsayawa, wanda shi ne abin da jarrabawar hukumar agajin gaggawa ta Amurka ke nema. Karen daji kuwa, da yake yakan yi nisa da mai shi, ana koya masa ya komo ya ba da alama, ko ya dafa shi da ƙafafu ko ya kamo wata 'yar fata da ke rataye a wuyansa, sannan ya juya ya kai shi wurin.

Sai darasin kau da kai. A ɓoye nama a cikin ɓaraguzai, a ajiye rigar da ba mutum a cikinta, a bi da shi ta cikin awaki da kaji. Duk abin da ya tsaya a kai ba mutum ba, ba lada. Ga karen da ke da jinin farauta wannan ne mataki mafi wuya, domin zomo na tashi jikinsa zai ce bi. Dalili ke nan da ya sa ba a ɗauko ƙwararren karen farauta a ce za a juya shi. Ɗansa ake ɗauka, wanda bai taɓa ɗanɗana jinin dawa ba.

Darasin da ya fi kowanne daraja shi ne koya masa cewa “babu”. A kai shi inda mutumin bai taɓa takawa ba, a ba shi hular, a saka masa in ya nuna ba sawu a nan. Ko a sa mataimaki ya yi tafiya ya hau babur, karen ya koyi tsayawa inda sawun ya yanke. Wannan amsa ba ƙarama ba ce. In kare ya tsaya a bakin titi ya nuna nan tafiyar ƙasa ta ƙare, masu neman yaro sun san su bar gonaki su koma tambayar 'yan acaɓa da direbobi.

Abin da iyali za su kiyaye

Karen da ke bin mutum guda ba ya wuce ingancin abin da aka ba shi ya shinshina. Ana son abin da ya taɓa fatar wanda ya ɓata, ba a wanke ba: hula, singileti, ɗankwali, rigar matashin kai. Kada a ɗauka da hannu. A sa hannu cikin sabuwar leda, a kamo shi, a juyo ledar a ƙulle. A gidajenmu akwai wahala a nan, domin yara kan kwana tabarma ɗaya, silifa ɗaya kan zaga gida, almajirai kan haɗa bargo. Masu sana'ar suna da dabara: a tara duk waɗanda suka taɓa abin, karen ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya, sai ya nemi warin da ke jikin abin amma mai shi ba ya cikin taron. Haka kuma wurin da aka yi wa mutum ganin ƙarshe, a tsare shi. 'Yan jaje da 'yan kallo, da kyakkyawar niyyarsu, sukan tattake farkon sawun kafin a fara.

Hunturu, bazara, damina

Wari yana son laima da sanyi da inuwa. Rana tana ƙona shi, bushewa tana kashe ƙwayoyin da ke tayar da shi. Saboda haka mai kare a Azare dole ya yi aiki da kalandar ƙasarsa. Da damina, ƙasa a jiƙe, ciyawa ta rufe, sawu yakan daɗe. Yayyafi yana farfaɗo da shi, ruwa mai ƙarfi yana wanke shi ya tara a kwari. Da hunturu iska a bushe take, ga ƙura mai busar da hanci, ga kaɗawa mai watsa ɓarɓashi nesa da hanya, don haka sai an yawaita ba karen ruwa. Bazara ta fi kowanne tsanani. Zafi kan haura digiri 40, rairayin jigawa yana ƙona tafin ƙafa, iskar da ta yi zafi tana tashi sama da warin ta wuce kan karen. Ga shi kuma kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma ba ya iya haki da shinshina sosai a lokaci guda. Lokacin aiki a irin wannan yanayi shi ne daga asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar sakaliya zuwa dare, sa'ad da iska ta huce ta kwanta, wari ya gangara fadamu da ramuka. Mafarauta sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Inda kuskure yake shigowa

Raunin wannan aiki ya fi yawa a ƙarshen igiyar da mutum ke riƙe da shi. A 2011 Lisa Lit da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa gwajin da suka yi wa masu karnuka 18 na neman ƙwaya da abubuwan fashewa. Aka gaya musu an ɓoye abu, har aka liƙa jar takarda a wasu wurare a matsayin alama, alhali ba a ɓoye komai ba. Aka samu nuni na ƙarya sau 225, kuma sun fi yawa a inda takardar take. Zaton mai kare ne ya zubo wa karen ta tafiyarsa da tsayuwarsa da yadda ya ja igiya. Maganin haka shi ne jarrabawar da mai kare bai san amsarta ba, wanda ke tsaye kusa da shi ma bai sani ba, da kuma littafin da ake rubuta kowace fita, nasara da faɗuwa. A Amurka ba a yi wa karen ɓaraguzai jarrabawar ƙasa sai ya kai wata 18, kuma duk shekara uku sai ya sake ta. Ƙungiyar karnukan ceto ta duniya, wadda aka kafa a 1993 take da mazauni a Ostiriya, ita ma tana da nata ma'aunin.

Wannan gargaɗi ya fi nauyi a wurinmu. Ranar da aka ji akwai kare mai bin sawu a gari, wanda zai fara zuwa nemansa mai yiwuwa wanda aka sace wa shanu ne ko babur. To tsayawar kare a ƙofar gida ba ta nuna mai gidan ɓarawo ne. Iyakarta ta ce wari ya biyo ta nan, kuma ita ma tana iya zama kuskure. A 2010 babbar kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ta jihar Texas ta soke hukuncin kisan kai da aka yanke wa wani mutum, ta ce nunin kare shi kaɗai bai isa hujja ba. A inda ihun “ɓarawo” kan tara jama'a da sanduna kafin 'yan sanda su iso, dole a shata wannan iyaka tun ranar farko: karen ceto mai nemo ɓatacce ne, ba alƙali ba.

Me malamai suka ce?

Da yawa za su yi turus a nan, domin kare ba dabbar da Bahaushe ke shigarwa ɗaki ba ce. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare, amma sun togace na farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaskiya a kan waɗannan. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo in an ambaci sunan Allah. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki kuwa bin umarni ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne. Masu sharhin Risala sun kawo cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaron gidansa, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye.

Malaman fiƙihu har siffanta horarren kare suka yi: in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya, da yawansu suka ƙara cewa kada ya ci abin da ya kamo. Duk mai horar da karen ceto a yau zai gane waɗannan sharuɗɗa, domin su ne tafiya bisa umarni, da tsayawa nan take a bakin haɗari, da kau da kai daga son ciki.

Abin da ke hannu, da abin da ya rage

'Yan sandan Nijeriya da hukumar NDLEA da jami'an Sibil Difens suna da karnuka, amma an fi saninsu da neman ƙwaya da bama-bamai da tsare taro. Neman ɓatacce fanni ne daban, kuma a Turai da Amurka yawancin masu yin sa 'yan sa-kai ne da ke da sana'arsu, suna haɗuwa a ƙarshen mako su yi atisaye. Ba kuma sai a ƙasar sanyi ba. Tun 2011 masu gadin gandun dajin Virunga a Kwango suke aiki da karnukan bin sawu da wata likitar dabbobi 'yar Suwizalan, Marlene Zähner, ta taimaka aka horar.

Karen waje mai kaurin gashi yana da tsada, kuma zafi da kaska da sammore sukan kayar da shi. Karen gida siriri ne, gashinsa gajere, ya saba da rana da ƙaya. Sai dai da yawa daga karnukan yankin Sahel da ido da gudu suke farauta fiye da hanci, don haka sai an tankaɗe an rairaye kafin a samu wanda ya dace, kuma ba wanda ya fi mafarauci sanin wace karya ce 'ya'yanta ke sa hanci a ƙasa. Kafin komai kuma sai allurar haukan kare, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke sarrafawa, domin ba a sakar wa yaro karen da ba a yi wa rigakafi ba. Jami'o'in Zariya da Maiduguri da Sakkwato duk suna da tsangayar likitancin dabbobi da za a iya jingina da su.

Farawa ba ta buƙatar gini ko jirgi. Tana buƙatar 'yan kwikwiyo uku ko huɗu da aka zaɓa da kyau, da matasa masu haƙuri daga cikin mafarauta da 'yan kwana-kwana da 'yan agaji, da ƙwararren mai horarwa da zai riƙa zuwa yana gyara musu, da izinin masarauta da na hukumar agajin gaggawa ta jiha domin a san su, a kira su da wuri. Cikin 'yan kwikwiyon nan wataƙila biyu ne za su kai ga jarrabawa, wanda ya ci kuma zai yi aiki har ya kai shekara takwas zuwa goma. Abin da ba a iya saye shi ne lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwikwiyon da aka zaɓa bana, sai damina biyu sun wuce kafin a iya dogara da haushinsa.